Mako Biyu a Borth: Amsa Ga Ɗan Ƙanwata

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni tun makon jiya, kuma abin da ya hana ni amsawa nan take shi ne tambayar taka ba irin wadda ake sallama da layi biyu ba ce. Ka ce wani Bature abokin aikinka a can Birmingham ya gayyace ku, kai da iyalinka, ku bi su hutun mako guda a watan Agusta zuwa wani ƙauye a bakin tekun Wales da ke yammacin Birtaniya, inda ya ce tun yana jariri ake kai shi, mahaifinsa ma haka aka yi masa. Ka ce abin ya ɗaure maka kai, domin ba ka ga dalilin da zai sa mutum mai albashin da zai iya kai shi Sifen ko Dubai ya riƙa biyan kuɗi kowace shekara don ya zauna a ɗakin kwano mai taya, a gari guda, cikin iska da yayyafi ba. Ka kuma tambaya ko ya dace ka amsa gayyatar, da abin da za a sa ran gani daga gare ka idan ka amsa. Na san mahaifiyarka ce ta turo ka wurina, domin ita a lokacin tana goye, ba ta tsira da komai daga zamanin da muka riƙa zuwa irin wannan hutu ba sai hoton nan da aka ɗauke ni riƙe da bokiti da ɗan shebur, wando a naɗe har gwiwa.

Kakanka, Allah Ya jiƙansa, ya tafi karatu Birmingham a shekarar 1964 da tallafin Gwamnatin Jihar Arewa, kuma bayan wasu watanni muka bi shi, ni da Inna. Mun kama hayar ɗaki biyu a saman benen wani ma'aikacin kamfanin motoci na Austin da ke Longbridge, a zamanin da ba kowane mai gida ne yake yarda ya ba baƙar fata haya ba. Wannan mutum da matarsa su ne suka ja mu zuwa ƙauyen Borth, shekara uku a jere, 1965 da 1966 da 1967. Ina da shekara tara a zuwanmu na farko. Saboda haka abin da zan gaya maka rabinsa na gani da idon yaro ne, rabinsa kuwa sai da na girma na karanta sannan na gane abin da na gani.

Al'adar ba daɗaɗɗiya ba ce kamar yadda su kansu suke ji. Kafin ƙarni na 18 bakin teku wurin masunta ne da masu jiragen ruwa, ba wanda yake zuwa can don nishaɗi. Likitoci ne suka fara jawo masu hali, musamman wani mai suna Richard Russell da ya wallafa littafi a 1750 yana cewa wanka da ruwan teku, har ma da shansa, magani ne. Da Sarki George na Uku ya shiga teku a Weymouth a 1789, sai abin ya zama na manya. Talaka bai samu shiga ba sai da abubuwa biyu suka haɗu, wato jirgin ƙasa da ranar hutu. Layin dogo ya isa Borth a 1863, ya ƙarasa Aberystwyth, babban garin da ke kusa da ita, a shekarar da ta biyo. Dokar ranakun hutun banki ta zo a 1871, sannan a 1938 aka yi dokar da ta buɗe ƙofar hutu da albashi ga ma'aikata da yawa, ko da yake sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya game gari sosai. A garuruwan masaƙu na Lancashire kowane gari yana da makonsa da ake rufe masaƙu baki ɗaya, jama'a su ɗunguma zuwa Blackpool. Masu haƙar kwal na kudancin Wales su kuma Barry da Porthcawl suke cikawa. A Birmingham kuwa makon ƙarshe na Yuli da makon farko na Agusta ne kamfanoni suke tsayar da injuna, kuma da yake birnin yana tsakiyar ƙasa, nesa da ruwa ta kowace fuska, gaɓar Wales tana cikin wuraren da suka fi yi musu sauƙin zuwa.

Wannan ya bayyana yadda aka fara zuwa, amma bai amsa tambayarka ba, wato me ya sa gari guda, shekara da shekaru. Amsar da na tsaya a kanta bayan dogon tunani ita ce, ba yawon buɗe ido suke zuwa ba, gida suke zuwa. Kai idan Sallah ta matso ka san inda za ka dosa, akwai garin da kakanninka suke kwance, akwai zauren da idan ka yi sallama za a kira ka da sunan da aka daina kiran ka da shi tun kana yaro. Mai gidanmu na Birmingham ba shi da irin wannan. Kakanninsa sun baro ƙauye sun shiga birni neman aiki tun zamanin da ba wanda ya riƙe sunan ƙauyen, kuma unguwar da aka haife shi ma an rushe ta bayan yaƙi an yi sababbin gine-gine. Wuri ɗaya tak da ya rage masa wanda bai canja ba tun yana yaro, inda zai nuna wa ɗansa dutsen da ya taɓa zamewa a kai, inda zai zauna daidai gurbin da mahaifinsa yake zama, shi ne wannan ƙauye na bakin teku. Aron gari suka yi, suka mai da shi mahaifa ta mako biyu. Idan ka dubi abin ta wannan fuska, za ka ga tambayar me ya sa ba su canja wuri daidai take da a tambaye ka me ya sa ba ka canja garin da kake zuwa Sallah.

Shirin tafiyar tun daga watan Janairu yake farawa. Matar mai gidanmu tana da wani gwangwanin shayi a kan kanta wanda take jefa sulalla a ciki kowace Juma'a idan an biya albashi, kuma ba a taɓa shi ko da wace irin matsuwa aka shiga. Kuɗinsu a lokacin irin namu ne na da, fam da sule da sisi da taro da kwabo, domin su sai a 1971 suka canja, mu kuma a 1973, saboda haka Inna ba ta taɓa shan wahalar lissafi a kantunansu ba. Ana tafiya ranar Asabar, a dawo ranar Asabar. Mukan hau jirgi a tashar Snow Hill, mu bi ta Wolverhampton zuwa Shrewsbury, inda ake canja kan jirgi a ɗaura mai cin kwal. Daga nan ƙasa takan fara tashi, gonaki su koma duwatsu da tumaki birjik, jirgin ya riƙa nishi a hawan Talerddig har yaro ya ji kamar ya sauka ya tura. Idan ka leƙa ta taga sai burbushin kwal ya faɗa maka a ido, kuma duk da haka ba ka fasa leƙawa. Bayan Machynlleth sai kwarin ya buɗe, kogin Dyfi ya baje, yaran da ke cikin tarago su fara gardamar wanda zai riga ganin teku, wanda ya riga kuwa taro ne ladansa. A zuwanmu na uku babu wannan kan jirgi, an daina amfani da shi a kan layin tun farkon 1967, kuma na tuna mai gidanmu ya yi ta ƙorafi kamar an yi masa rasuwa.

Borth ba ta da kyan da ake bugawa a kati. Titi ɗaya ne dogo, miƙaƙƙe, gidaje a jere dama da hagu, an gina su a kan wani tudun tsakuwa da teku ya tara. Ta yamma teku, ta gabas wata ƙatuwar fadama mai suna Cors Fochno, garin yana tsakani kamar zare. Tazararta da Aberystwyth ba ta wuce mil bakwai ba, mazaunanta kuma ko yau ba su kai dubu biyu ba. Asalinta garin masunta ne da matuƙan jiragen ruwa, kuma teku ya ci mazajen garin da yawa. Matar da muke sauka a gidanta ma bazawara ce, mijinta ya tafi a jirgin ruwa bai dawo ba. Idan lokacin baƙi ya zo sai ta kwashe kayanta ta koma wani ɗan ɗaki a bayan gida, ta bar mana ɗakunan kwananta, domin abin da za ta samu a waɗannan makonni shi ne zai riƙe ta har sanyi ya wuce. Ban gane nauyin wannan ba a lokacin. Ni dai na ga tsohuwa tana fitowa daga ɗakin ajiya da sassafe, na ɗauka ra'ayinta ne.

Tsarin gidan shi ne baƙo ya sayo cefanensa, ita ta dafa masa. A daren farko kakanka ya yi mata bayani cikin ladabi cewa ba ma cin naman alade, ba ma cin abin da aka soya da kitsensa, kuma Inna za ta so ta riƙa yin girkinmu da kanta idan ba damuwa. Tsohuwar ta saurara ba ta ce komai ba, har Inna ta fara tsoron ko an ɓata mata rai. Washegari ta tafi kanti ta sayo sabon kwanon suya, ta ɗaura jan zare a mariƙinsa, ta kafa masa ƙusa dabam nesa da sauran, ta nuna wa Inna da yatsa. Da muka dawo bayan shekara guda, kwanon yana nan a ƙusarsa da jan zarensa, ta shafe shi da man gyaɗa don kada ya yi tsatsa, kuma ta ce ba wanda ya taɓa shi tun tafiyarmu. Na ga Inna ta juya baya tana gyara mayafi, ta daɗe ba ta juyo ba. A cikin wannan kwano aka soya mana kifin da masunta suke kamowa da rani, wanda daga baya na gane shi ne ake sayarwa daskararre a kasuwanninmu da sunan taitus, sai dai wanda aka fito da shi daga ruwa da safe aka ci da rana wani abu ne dabam. Ita kuma takan yanko mana wani burodi mai zabibi da ake jiƙa 'ya'yan itacensa a ruwan shayi kafin a gasa, suna kiran sa bara brith, a shafa masa man shanu da kauri.

Wunin bakin teku yana da ƙa'idojinsa kamar zaman fada. Kowane iyali yana da gurbinsa, kuma ko da ba a rubuta ba, ba mai zama a na wani. Maigida zai kafa wani shingen zane mai sanduna don tare iska, ya buga su da dutse, a shimfiɗa bargo, a ajiye filas ɗin shayi da burodi, sannan ya naɗe ƙafar wando ya buɗe jarida. Iyaye mata suna saƙa suna hira. Yara kuwa aikinmu gini ne. Mukan cika bokiti da jiƙaƙƙen yashi mu kife, mu yi soraye, mu kewaye su da ganuwa, mu haƙa gwalalo, muna sane sarai cewa kafin la'asar ruwa zai zo ya share komai, kuma daɗin wasan ma yana wajen tsayawa a ga ta ina ganuwar za ta fara faɗuwa. Ni na fi sauran iya ganuwa da ƙofofi, domin na taɓa ganin ta gaske, su kuwa a littafi suka gani. Ruwan yana da sanyin da yake sa haƙora kaɗawa ko a tsakiyar Agusta, amma dole kowa ya shiga ko sau ɗaya, ya fito yana rawar ɗari yana cewa ai da daɗi idan an saba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin kakanka shi ne cikowar ruwan da janyewarsa. Sau biyu a kwana ɗaya teku yakan ciko har gindin tsakuwa, sau biyu ya janye ya bar fili mai faɗi, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti hamsin. Da aka gaya masa wata ne yake jan ruwan, kuma cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, sai ya samo takardar jadawalin da ake sayarwa a kanti ya riƙa gwada ta da kwanan watan Musulunci, yana murna kamar ya tsinci dami a kala. Yakan ce ga mutanen da suke cewa ba ruwansu da lissafin wata, alhali kuwa masuntansu ba su fita sai da izininsa. Sallarsa a kan jigayin yashi na Ynyslas yake yi idan mun yi nisa da gida, kuma da yake teku yana yamma, alƙibla tana kudu maso gabas, kullum baya yake ba ruwan, ni kuma a sa ni gadi kada ya ciko ya jiƙe masa darduma. Magariba ba ta yi sai bayan ƙarfe tara na dare, saboda haka an sha kwantar da ni barci rana tana haska labule, abin da har yau nake ganin zalunci ne.

Wata rana da ruwa ya janye sosai, tsohuwar ta ce mu bi ta, ta kai mu can wajen arewacin garin. A nan muka ga kututturan itatuwa baƙaƙe sun fito daga cikin yashi, da saiwoyinsu a baje, ciyawar teku ta lulluɓe su. Daji ne guda teku ya haɗiye, kuma masana sun ce itatuwan sun haura shekara 4,000 da mutuwa. Ta zauna a kan ɗaya daga ciki ta ba mu labarin Cantre'r Gwaelod, wata ƙasa mai albarka da aka ce tana shimfiɗe a inda ruwan yake yanzu, ƙarƙashin wani sarki mai suna Gwyddno, an kewaye ta da ganuwa mai ƙofofin ruwa. Mai tsaron ƙofofin, Seithenyn, ya sha giya ya bugu a daren wani biki, ya manta bai rufe ba, teku ya shigo ya cinye ƙasar da garuruwanta, kuma wai idan dare ya yi tsit ana jin ƙararrawarsu daga ƙarƙashin ruwa. Kakanka ya ji daɗin wannan tatsuniya ƙwarai, ya ce ko malamin zaure iyakar wa'azin da zai yi kan giya ke nan. Ni kuwa na kwana uku ina kasa kunne ta taga.

Ranar da ruwan sama ya hana zama, kuma irin waɗannan ranaku suna da yawa, sai a shiga jirgi zuwa Aberystwyth, a yi yawo a bakin gaɓa cikin rigunan ruwa, a sayi katin gaisuwa a aika wa maƙwabtan da za a riga katin isa wurinsu, a sayo wata alawa doguwa kamar sanda wadda sunan garin yake rubuce a cikinta duk inda ka karya. A can ne na ga ana biyan kuɗi don yaro ya hau jaki a ja shi taku kaɗan a dawo da shi. Kakanka ya yi dariya har da hawaye, ya ce da mutanen garinmu sun san da wannan kasuwa da tuni sun yi arziki, amma duk da haka ya biya mini sisi na hau.

Akwai rana ɗaya da nake so ka sani, domin ita ce ta sa nake ganin girman irin gayyatar da aka yi maka. Asabar ce, 30 ga Yuli, 1966. Gaba ɗaya baƙin garin sun taru a gidajen da ke da talabijin suna kallon wasan ƙarshe na cin kofin duniya, wanda Ingila ta ci Jamus ta Yamma huɗu da biyu. Mu kuwa tun ranar Juma'a labari ya fara fitowa cewa sojoji sun sake yin bore a Najeriya, wata shida da 'yan kwanaki bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, kuma ba wanda ya san wa ke riƙe da ƙasar, sai ranar Litinin aka ji muryar Gowon. Kakanka ya ɗauki ƙaramar rediyonsa ya tafi bakin ruwa shi kaɗai, yana murɗa ta yana kara ta a kunne. Ana tsakiyar ihun murna na ga mai gidanmu, mutumin da ya shekara yana jiran wannan wasa, ya fito da filas da kofi biyu, ya bi shi, ya zauna kusa da shi a kan tsakuwa. Ba ya jin komai game da siyasar ƙasarmu, kuma bai yi tambaya ba. Ya zuba shayi ya miƙa masa, suka zauna suna kallon ruwa har rana ta yi ƙasa. Mutanen nan ba su iya yawan magana a kan abin da ke zuci ba, kuma idan ɗayansu ya ce ka zo ka ga inda yake zuwa tun yana yaro, ya ba ka abin da ba ya ba kowa.

Sai dai kada ka manta cewa garin da suka ara yana da masu shi, kuma wannan ne ɓangaren da baƙi da yawa ba su gani. Mutanen Wales ba Ingilishi ba ne, kuma ba su son a kira su haka. Suna kiran ƙasarsu Cymru, kansu kuma Cymry, ma'ana 'yan ƙasa ɗaya, alhali sunan da Ingilishi suka laƙaba musu ya samo asali ne daga tsohuwar kalmar da ke nufin baƙo ko bare. Tsohuwarmu da harshen Welsh take magana da maƙwabtanta, da shi take waƙoƙin ibada ranar Lahadi, ranar da garin yakan yi tsit, gidajen giya ma a rufe, domin dokar 1881 da ta hana buɗe su ranar Lahadi tana aiki a wannan gunduma a lokacin. Wasu baƙi sukan ji haushi idan sun shiga kanti suka tarar ana wannan harshe, su ɗauka gulmarsu ake yi, alhali mutane suna yaren da suka tashi da shi ne, kamar yadda Fulani biyu za su yi Fulatanci a kasuwar Kano ba tare da sun nemi izinin kowa ba. A ƙidayar 2021 masu jin harshen sun ɗan haura dubu 538, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar Wales, saboda haka suna kishinsa kishin abin da ake tsoron rasawa.

Akwai kuma tsohon miki game da ruwa da ƙasa. Ruwan da kake buɗe famfo ka sha a Birmingham daga kwarin Elan na tsakiyar Wales yake gangarowa, tafiyar mil 73, tun 1904. A shekarar da muka fara zuwa, 1965, aka kammala nutsar da ƙauyen Capel Celyn a kwarin Tryweryn, da makarantarsa da wurin ibadarsa da gonakinsa, don a samar wa Liverpool ruwa, duk da cewa babu ko ɗaya daga cikin 'yan majalisar Wales da ya goyi bayan dokar. Idan ka bi hanyar da ke kudu da Aberystwyth, kusa da Llanrhystud, za ka ga wani bango da aka rubuta Cofiwch Dryweryn, wato ku tuna da Tryweryn. Daga baya rigimar ta koma kan gidaje, domin masu kuɗi daga Ingila sun riƙa sayen gidajen ƙauyuka suna rufewa sai lokacin hutu, farashi ya fi ƙarfin 'ya'yan gari, har daga 1979 wasu suka shiga cinna wa irin waɗannan gidaje wuta, aka ɗauki shekaru fiye da goma ana yi. Yanzu ta hanyar haraji ake yaƙin, an ba ƙananan hukumomi ikon ninka kuɗin da mai gida na biyu yake biya. Ban faɗi wannan don in tsorata ka ba, domin ba za ka gamu da komai ba sai fara'a. Na faɗa ne don ka san cewa baƙunta biyu za ka yi a lokaci guda, ta abokinka da ta mutanen garin, kuma abokin naka ma baƙo ne a can, ko da ya shekara hamsin yana zuwa.

Saboda haka shawarata ita ce ka amsa, kuma ka amsa da wuri, domin su irin wannan shiri ba a yi musu shi da in Allah Ya kai mu kawai, suna son rana da adadin mutane. Ka tambaye shi kai tsaye nawa ne rabonka na kuɗin masauki da na cefane, kada ka ji kunya, domin a wurinsu raba kuɗi ba rowa ba ce, kuma idan ka nace sai ka biya duka za ka sa shi cikin takura. Ka gaya masa tun yanzu abin da ba ku ci da abin da ba ku sha, da cewa za ka riƙa tashi da asuba, tunda bangon irin wannan ɗaki bai fi kwali kauri ba. Ba a son babbar tsaraba. Abin da zai fi faranta musu shi ne ku karɓi girkin dare ɗaya, mai ɗakinka ta yi musu dafa-duka ko tuwon shinkafa da miyar taushe, a rage barkono. Ku tafi da rigunan sanyi da na ruwa ko da kun bar Birmingham cikin rana, kuma kada ta damu da zancen sutura, domin iskar wurin takan sa kowa ya rufe jikinsa. Yara kada su shiga ruwa sai tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya inda masu ceto suke tsaro, kada kuma su kusanci bakin kogi inda yake haɗuwa da teku, ruwan wurin yana da ja ko ga gwani. Idan da mota za ku, ka lura cewa tun 2023 gudun cikin gari a yawancin titunan Wales mil 20 ne a awa, kuma kalmar ARAF da za ka gani a rubuce a kan kwalta tana nufin a rage gudu. Ka koya wa yaran bore da, wato ina kwana, da diolch, wato na gode, su faɗa wa mai kanti, za ka ga yadda fuskarsa za ta canja.

Idan aka yi kwana biyu ana ruwa, kuka takure a ɗaki ana wasan kati, tagogi sun yi gumi, yara suna faɗa, kada ka ɗauka hutun ya lalace, domin bayan shekara talatin wannan ranar ce yaranka za su fi ba da labari. Kuma idan ƙauyen nasu yana kusa da layin da muka bi, ka ware wuni guda ka kai su Borth. Ka duba jadawalin ruwa ka je lokacin da ya janye sosai, ka nufi arewacin garin wajen Ynyslas, ka ɗauko mini hoton kututturan nan idan yashi bai rufe su ba. Gidan tsohuwar yana hannun hagu idan ka fito daga tasha ka fuskanci kudu, sai dai ba na jin zan iya gane ƙofarsa yanzu, balle in kwatanta maka. Ka gaishe da mai ɗakinka da yara, ka kuma gaya wa mahaifiyarka cewa hoton nan nawa ne, aro na ba ta.

Wassalam,
Kawunka.